Waƙoƙin Daɓen da Somo Norzom Ta Bari

Sunanta Norzom. To, na faɗa. Shekara uku ke nan ba wanda ya furta sunan nan a Sansani na Huɗu na 'yan gudun hijira, sai dai a ce "marigayiya", ko "matar gidan da ke kusa da tankin ruwa". Ni ma da nake cika baki, sai da na ajiye biro sau biyu kafin na rubuta shi. Mutanen kwarinmu haka muke: wanda ya tafi ba a kiransa, don kada ya waiwayo ya ɓata hanya. 'Yan Lhasa, babban birninmu, da ke sansanin sama sun sassauta, har hoton mamaci suke ratayewa a falo. Mu kam ko kusa.

Ƙanwar mahaifiyata ce. Somo nake ce mata, wato inna a yarenmu, ita kuma tana kirana Barkono tun ina goye, saboda halina, kuma ban taɓa cewa ta yi mini sharri ba. Ta bar waƙa arba'in da ɗaya waɗanda in ba a bakinta ba babu inda suke a duniya. Abin da ya same su zan faɗa, amma sai kun fara sanin mai su.

An haife ta a wani ƙauye da ake kira Drakmar, can bayan duwatsu, inda rufin gida ƙasa ne da tsakuwa. In maza sun gama gini, mata ne ke hawa su daɓe rufin. Layi biyu suke yi suna fuskantar juna, kowace da sanda mai faffaɗan dutse a gindi. Wannan layi ya ɗaga waƙa, wancan ya amsa, ƙafa da sanda suna sauka tare, kwana da kwanaki. Akwai waƙar zuba tsakuwa, akwai ta lokacin da ƙasa ta fara haɗa jiki, akwai ta zagin mai gida in ya yi rowar giya, akwai ta la'asar in kafaɗa ta mutu. Tana da shekara goma sha biyu ta fara hawa rufi. Kafin ta kai sha bakwai ita ke ɗaga waƙa a layin gabas. Ta sha gaya mini cewa ba murya ce ta ba ta wannan matsayi ba, rashin kunya ne.

Tana da sha tara sojoji suka mamaye ƙasarmu, aka gudu. Ba ta son ba da labarin hanyar, ni kuma ba zan ƙirƙira mata ba. Abin da na sani, su goma sha huɗu suka bar ƙauyen, su shida suka iso Indiya, har da mahaifiyata. Aka kai su aikin titi wajen Manali, fasa dutse, kwana a tanti. A nan ta haɗu da mijinta, ɗan ƙauyen da ke gaba da nasu. Aku nake ce masa, wato kawu a yarenmu, kuma Aku zan riƙa ce masa a nan. In an tambaye ta me ta gani a jikinsa, sai ta ce tukunya mai murfi, don shi kaɗai ke da ita a duk tantunan. Shi kuwa ba ya tankawa. Aku mutum ne da zai wuni bai yi magana goma ba, biyar daga ciki kuma da saniyarsa yake yi.

Sun haifi 'ya mace a bakin titin nan. Ta yi shekara biyu, gudawa ta ɗauke ta cikin kwana uku. Aku ya ƙona hularta da bargonta, daga ranar bai sake furta sunanta ba, Somo ma haka. Har yau ban san sunan yarinyar nan ba. Na taɓa tambayar mahaifiyata ina ƙarama, ta ɗalle mini baki. Ba su sake samun haihuwa ba.

Daga can aka ɗebo su a jirgin ƙasa aka kawo kudu, wannan daji da muke ciki yanzu. Suka sare itatuwa, zafi ya kashe na kashewa, giwaye suka cinye masarar farko. Aka raba musu gidaje. Somo ta ce ranar da ta shiga nata ta ɗaga kai ta ga kwano, ta san an gama da ita: rufin da ba a hawa, ba a daɓewa, sai dai ya yi ta surutu in ana ruwa. Da damina noma, da sanyi kuma ta ɗauki ƙunshin suwaita zuwa Mysore ta baza a gefen titi. Shekara talatin tana wannan. Yaren Kannada da ta iya bai wuce na ciniki da zagi ba, amma zagin kam ta ƙware, har 'yan tasha suna jinjina mata.

Waƙoƙin ba su bar ta ba. Akwai wata 'yar ƙauyensu da suke baza kaya tare, wadda ba zan faɗi sunanta ba, ɗaya ya ishe ni yau. In kasuwa ta yi sanyi sai su hau kan ƙunshin kaya su zauna, Somo ta ɗaga, ita ta amsa, suna buga dunduniya a ƙasa, Indiyawa suna wucewa suna kallonsu. Matar nan ta rasu ina da shekara ashirin da 'yan kai. Daga nan Somo ta koma yi a ƙasan maƙoshi, wajen wanki ko wajen surfe, ba mai amsawa.

Ni kuwa, bayan aurena ya mutu, na samu aiki a wani ɗan ofis da ke bayan babban gidan ibada, inda muke tara abin da ya rage mana muna zubawa a kwamfuta. Mu biyar ne. Mazan suna ɗaukar hoton tsofaffin littattafai, warƙa bayan warƙa, da zanen da ake naɗewa. Ni aka ba rikoda aka ce in bi tsofaffi. Duk abin da muka ɗauka ana ba shi lamba, a rubuta wane ne, ina, yaushe, sannan a tura shi babban rumbu, inda namu da ke Kanada ko Nepal zai buɗe a wayarsa ya ji. Doka ɗaya ce shugabanmu ba ya wasa da ita. Ba abin da zai shiga rumbu sai mai shi ya sa hannu a fom, ko ya dangwala yatsa. In mai shi ya mutu, to magajinsa. Ban taɓa ganin laifin dokar ba. Mutanen da aka ƙwace wa komai ba ka sake ɗaukar musu abu ba tambaya.

Shekara huɗu ina yawo gidajen mutane da rikoda kafin na tuna cewa a gidanmu akwai. Wannan sakarcin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ranar farko na zaunar da Somo a kujera, na kashe fanka, na kore kaji, na ce ta fara da faɗin sunanta da garinsu, don haka tsarin yake a kan kowace waƙa. Ta faɗa. Na ce ta ɗaga waƙa. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce babu komai a kanta, fayau. Na ce haba, yanzu da safe na ji ta tana yi a wajen wanki. Ta ce to in je in ɗauki muryar wankin. Muka yi kaca-kaca, na naɗe wayoyina na tafi ko shayin ban ƙarasa ba.

Da na dawo mako na gaba, sai na tarar da wata sanda jingine a bakin ƙofa. Aku ne ya zuba siminti a gwangwanin madara, ya kafa ƙotar fartanya a ciki, ya bari ya bushe. Bai ce wa kowa komai ba. Somo ta ɗaga ta, ta ce nauyin bai yi ba, tsawon ma bai yi ba, wanda ya yi ta bai taɓa ganin rufi ba. Sannan ta fita tsakar gida ta buga ta a ƙasa. Sau ɗaya, sau biyu, ƙafarta ta bi, sai ga waƙa ta zubo. Tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, tana taku uku gaba, biyu baya, ƙura na tashi, ni kuma ina bin ta da rikoda ina tuntuɓe da kaji.

Shugabanmu da ya saurara ya ce bugun ya yi yawa, yana danne kalmomi, ko za a roƙe ta ta ajiye sandar. Na ce masa hanya a buɗe take, ya je ya gaya mata da kansa. Bai je ba.

Abin da ya fi damuna shi ne giɓin. Takan ɗaga baiti, sai ta yi shiru tana bugu, tim, tim, tim, daidai tsawon amsar da ɗaya layin zai bayar, sannan ta ci gaba. Na ce ta yi amsar ma mana, ai ta san ta. Ta dube ni kamar na ce ta auri kanta. Ta ce ita 'yar layin gabas ce, amsa ba tata ba ce, bakinta bai taɓa ɗaukarta ba kuma ba da tsufanta zai fara ba. Don haka rabin kowace waƙa shiru ne da bugun siminti.

Sau ɗaya tak aka cike giɓin. Waƙa ta ashirin da shida ce, wadda ake tsokanar samarin da ke tsayawa a ƙasa suna kallon masu daɓe. Aku na zaune a inuwa yana ɓare masara, ya ba mu baya. Somo ta ɗaga, ta yi shirunta, sai muka ji wata murya mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa ta amsa. Baiti ɗaya. Somo ta tsaya cak, sanda a sama.

Ta ce, "Au, tsoho, ashe kana cikin masu tsayawa a ƙasan?"

Ya ce shi bai ce komai ba. Ta yi dariya har ta zauna daɓas a ƙasa tana share ido da bakin zaninta, tana cewa shekara sittin tana zaune da ɓarawon kallo ba ta sani ba. Kunnuwan Aku suka yi ja. Duk rikoda ta ɗauka.

Wata goma sha ɗaya muka yi, duk ranar Laraba. Wata Larabar waƙa biyu, wata ko ɗaya babu, sai labari da shayin man shanu da faɗa. Muka kai arba'in da ɗaya. Saura guda, ta rufewa, wadda ake yi ranar da rufi ya kammala aka shafa masa mai. Ita ce ta ƙi. Ta ce ba a yin ta sai a kan rufin da aka gama, in an yi ta a banza gida ba ya ƙarko. Fom kuma ta ce ba za ta dangwala wa rabin aiki yatsa ba. Ranar da ta yi ta ƙarshe, ranar za ta dangwala.

Na yi lallashi, na yi masifa. Na ce, Somo-la, a ina za mu samo rufin ƙasa a ƙasar nan? Ta nuna mini ɗakin saniya. Ta ce bayan damina Aku zai cire kwanon ya jera itace, a zuba ƙasa, ni da ita mu hau mu daɓe. Na ce ruwan kudu zai narkar da shi cikin mako guda. Ta ce ita ba ta ce ya daɗe ba, cewa ta yi a gama shi.

Ranar na faɗa mata maganar da har yau take cina. Na ce, "Ke dai za ki mutu ki bar ni da aikin banza."

Ta ce, "To, Barkono, sai ki yi ta masifarki ke kaɗai."

A tsakiyar damina ta zame a bakin tankin ruwa, ƙugunta ya karye. Kwana goma sha biyu a asibiti, huhu ya cika da ruwa, shi ke nan. Ba zan ɓoye ba, duk kwanakin nan fom ɗin yana cikin jakata tare da tawadar dangwale. Sau biyu na sa hannu zan fito da shi, in na dubi fuskarta sai in fito da lemo.

Kwana arba'in da tara mamaci yake yi a hanya kafin ya samu inda za a sake haifarsa. A kwanakin nan ba a kuka da ƙarfi, ba a kiran suna, fitilun man shanu ba sa mutuwa, duk mako malamai masu jan mayafi suna zuwa su yi karatu. Aku ya kwashe kayanta ya bayar, ya kai sandar siminti bayan ɗakin saniya ya kifa. A mako na uku, ina zuba wa malamai shayi, Aku ya yafito ni waje. Ya tambaye ni ina muryar take.

Na ce tana cikin memorin rikoda, ba ta shiga rumbu ba tukuna, sai an sa hannu, kuma yanzu shi ne mai sa hannun. Da saurina ma na faɗa, ina tsammanin abin da ya kira ni a kai ke nan.

Ban taɓa jin Aku ya yi magana mai tsawon ta ranar ba. Ya ce yana zaune duk Larabar nan, ya ji. A kan kowace waƙa ita da bakinta take faɗin sunanta, sau arba'in da ɗaya. Ya ce an gaya masa in abu ya shiga rumbun nan kowa na iya dannawa, a ko'ina, safe da yamma, har wanda bai san ta ba. Ya ce mu nan muna rufe baki don kada ta waiwayo, ni kuma ina so in miƙa wa duniya igiyar da za a riƙa jan ta.

Ya ce, "Ta sha wahalar hanya sau ɗaya. Wannan karon a bar ta ta wuce."

So yake ranar arba'in da tara, lokacin da malam zai ƙona takardar da ke ɗauke da sunanta, muryar ma ta bi wuta.

Na ce zan yanke sunan, aikin minti biyar ne. Ya ce muryar ai ita ce. Na ce a kulle shekara goma kafin a buɗe. Ya girgiza kai. Nan fa barkonon ya tashi. A gidan makoki, malamai na ciki suna karatu, na ɗaga murya na ce abin da sojoji suka kasa ƙonawa shi zai ƙona da hannunsa, na ce daga ita babu sauran wanda ya san waƙoƙin nan, Drakmar ɗin ma an ce yanzu siminti ne ko'ina. Ya tsaya yana kallon ƙasa har na gama. Ya ce ya sani. Ya koma ciki ya ƙara wa fitila mai.

Na je wurin shugabanmu. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce abin ya yi masa ciwo, amma magaji shi ne miji, ba shi da ta cewa. Na je wurin tsohon malamin da ke jagorantar karatun. Ya ce shi a littafi bai ga inda aka ce murya a na'ura tana riƙe mamaci ba, don lokacin da aka rubuta littafin babu na'ura. Amma ya ga abin da rashin kwanciyar hankali ke yi wa tsohon da aka bari shi kaɗai. Na fito ina cewa a raina, na gode da ba ka ce komai ba.

Ranar arba'in da tara da safe aka yi. Malam ya riƙe takardar sunan a kan harshen fitila har ta cinye. Ni kuma na ciro memorin daga rikoda, ɗan abu bai kai farcen babban yatsa ba, na sa a tafin Aku. Ya jefa shi a kaskon turare. Warin roba ya danne ƙamshin, wata maƙwabciya ta yi tari.

Na ɗauka an gama. Sai Aku ya juyo ya tambaye ni ko shi ke nan duka. Ya ce ya ji labarin abubuwan nan suna haihuwa, ɗaya ya zama biyu. Na ce shi ke nan. Ya miƙa hannu kan teburin ibada ya ɗauko littafin gidan da ke naɗe cikin rawayan ƙyalle, ya ɗora mini a ka. Na rantse da Kunchok Sum, rantsuwar da ba mu da wadda ta fi ta.

Ƙarya na yi. Tun a mako na uku, ranar da muka yi faɗan, na wuce ofis na kwafe su duka a wani faifai, na sa a ƙasan durowata, ba suna a jiki sai lamba. Ko shugabanmu bai sani ba. Kuma ban ji kunya ba a lokacin. Cewa na yi a raina tsoho ne, shekara tamanin da biyar, in ya tafi ni ce magajiya, sai in sa hannu da kaina. Ina tsaye a gabansa da littafi a kaina nake wannan lissafi.

Na ci gaba da zuwa gidan duk Laraba, ina kai masa garin sha'ir da man shanu, in share masa ɗaki. Yakan zauna ya ci, ya ce na gode, ya tafi wajen saniya. Gidan ya yi tsit. Ba ka sanin yawan surutun mutum sai ya tafi da shi.

Bayan Losar, sabuwar shekararmu, da 'yan makonni, zafi ya fara, ina zaune a ofis da tsakar rana sai na ga mutum a bakin ƙofa da sanda. Aku ne, cikin rigarsa ta biki, gumi ya jiƙa masa wuya. Daga Sansani na Huɗu zuwa ofis tafiyar awa guda ce ga mai ƙarfi. Bai taɓa zuwa ba. Da ya ga rubutun littafi a fuskar kwamfutoci sai ya cire hula ya sunkuya musu. Na ba shi kujera a gaban teburina, na kawo shayi. Ya yi maganar saniya, wai ta rage cin abinci. Ya yi maganar tankin ruwa, wai an gyara wajen da ke santsi. Sannan ya shiga juya kofi a hannunsa.

Ya ce muryar matarsa ta ɓace masa. Fuskarta tana nan, tafiyarta tana nan, zaginta ma yana iya jero shi kalma-kalma, amma sautin babu. In ya tuno maganarta, da muryarsa yake jin ta. Ya ce kwana huɗu ke nan yana nema. Ya ce yanzu ai ta riga ta isa, ƙila ma ta fara rarrafe a wani gida.

Bai dube ni ba. Ya ce, "Na ce ko dai an samu saura. An ce wani lokaci suna barin saura. Wanda na amsa ɗin nan. Shi kaɗai."

Durowar tana taɓa gwiwata. Abin sawa a kunne yana rataye a jikin kwamfuta, tsakaninsa da hannuna bai kai taƙi ba. In na ce akwai, zai san cewa duk kwanakin da ya yi yana ƙara wa fitila mai, matarsa da igiya a ƙafa take tafiya, a ganinsa. Zai san cewa na rantse da littafi a kaina a kan ƙarya. Zan so in ce saboda shi na yi shiru, don kada in tayar masa da hankali. Ba haka ba ne. Saboda kaina na yi. Ni da na zagi shugabana, na zagi mijina har ya gudu, na kasa ɗaukar kallon da tsohon nan zai yi mini.

Na ce, "Babu, Aku-la. Ai a gabanka aka ƙona."

Ya daɗe yana gyaɗa kai. Ya shanye shayin da ya riga ya huce, ya ajiye kofin a hankali.

Ya ce, "To, ya yi. Da kin ce akwai da na saurara, kuma da na cuce ta." Ya miƙe, ya dafa kaina. "Ke bakinki ne dai ba linzami, amma ba ki taɓa yi mini ƙarya ba."

Na ce ya tsaya a nemo babur a kai shi. Ya ce ƙafarsa ta san hanya. Na tsaya a ƙofa ina kallonsa yana bin titin da ke tsakanin gonaki, hula a hannu, ya manta bai mayar ba.

A bazarar nan ya cire kwanon ɗakin saniya. Maƙwabta suka zo suka gaya mini tsohon ya fara ruɗewa. Ya jera itace, ya hau da ƙasa kwano-kwano, ya ɗauko sandar siminti daga inda ya kifa ta. Na je wata Laraba na tarar da shi a sama yana bugu, tim, tim, tim, ba waƙa. Na yi masa faɗa ya sauko kada ya karye. Bai sauko ba. Na tsaya a ƙasa ina kallo, ban hau na taya shi ba, don na san in na riƙe sandar nan zan faɗa masa. Ya gama rufin. Ruwan farko ya narkar da shi, kamar yadda na ce. Shi ma bai ga masara ta fitar da kai ba a daminar. Shi ya sa ba ku ji sunansa a nan ba. Ita na san dariya za ta yi, shi kuwa zai damu.

Yanzu ni ce magajiya, yadda na lissafa. Fom ɗin yana cikin durowa a kan faifan, na cike komai da hannuna, lamba, gari, kwanan wata, saura wurin sa hannu. Shekara biyu ke nan. Ba wanda zai hana ni, ba wanda zai tambaye ni. Tsofaffin kwarinmu da suka taɓa hawa rufi duk sun ƙare, na bincika har Nepal. In ban sa hannu ba, waƙoƙin za su mutu a durowar nan ranar da na mutu, na sani sarai, ba sai an gaya mini ba. Kullum in na ɗauki biro sai in ji hannun Aku a kaina.

Faifai ba ya daɗewa a damshin kudu, don haka duk bayan damina nakan sayi sabo in kwafe. Kwafa ba ta bukatar saurare. Sai dai ka zauna kana kallon jerin yana wucewa, kowane da lambarsa da tsawonsa a gefe. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Amma idona ba ya tsallake na ashirin da shida. Minti huɗu ne da daƙiƙa goma. Abin da Aku ya yi tafiyar awa guda cikin zafin rana ya roƙe ni ke nan.